Baba Ne Ke Fara Cin Hanta

Ranar Litinin aka fara ba Baba Shekari hanta, saura kwana goma sha bakwai a yi Kirsimetin 1986. Celina, matar ɗansa, ita ta gasa ta da hannunta, kuma har gobe in ka tambaye ta ba za ta yi maka musu ba.

Gidan nasu yana can ƙarshen Trikania, inda layi ya ƙare ciyawa ta fara. Ɗakuna uku ne a jere, da tsakar gida, sai wani makeken akurki na langa-langa da waya da mijinta Jethro ya kafa a baya tun da masaƙar da yake wa aiki a Kakuri ta sallame su. Talo-talo tamanin ke ciki. Wani otal a tsallaken kogi ya yi alkawarin kwashe su duka kafin biki, goma-goma, figaggu gyararru, amma kukun otal ɗin ya ja wa Jethro kunne cewa ranar da baƙo ɗaya ya yi ciwon ciki, ranar cinikinsu ya mutu. Tun daga lokacin Jethro ya tashi daga maigida ya koma bawan tsuntsaye. In talo-talo ya yi atishawa sai ya miƙe tsaye ko da yana cin tuwo ne, in kuwa ubansa ya yi tari sai ya ce ai tsufa ne.

Ana haka sai tsuntsayen suka fara zawo, wani ruwa-ruwa rawaya mai warin da ke juya ciki. Wasu suka saki fukafukai suka raɓe a lungu, ido a lumshe, ko tsaba ba sa kallo. Jethro ya sayo kafso ja-da-rawaya a kemis yana fasa musu a ruwan sha. Malamin dabbobi kuwa ko sunansa bai yarda a ambata ba, don ya san in malami ya shigo yau, gobe duba-gari ne zai biyo sawunsa a ce a ƙone kaya.

Ran Litinin ɗin, Malam Isiyaku, wani mahauci daga Makera, ya zo a kekensa da sassafe ya yanka goman farko, saboda otal ba ya karɓar naman da ba Musulmi ne ya yanka ba. Ya wanke wuƙarsa ya tafi. Sauran aikin na Celina ne. Ita ke tsomawa a ruwan zafi, ta fige, ta tsaga ciki, ta ɗauraye a babban bahon da ke gindin duron ruwa. Da ta buɗe na uku sai ta dakata. Hantar ta kumbura, ta yi wani kore-kore, ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinta kamar an watsa mata gero.

"Baban Judith, zo ka ga wannan," in ji ta. Haka take kiransa, da sunan 'yarsu da ke makarantar kwana.

Jethro ya juya hantar da bakin wuƙa, ya daɗe yana kallo. Shi fa mutum ne mai dabara, irin dabarar da ba a gane wautarta sai ta gama cin gida. Shekara goma sha biyu ya yi a sashen duba yadi, kuma duk abin da ya sani a duniya daga can ya koyo shi. Ya bayyana mata cewa a masaƙa ba a warware bandir gaba ɗaya, ƙyalle ake yanka a gefe a matsayin samfur, a jiƙa shi a bar shi ya kwana. In bai zuba ba, bandir ya wuce. To hanta ita ce samfurin tsuntsu. A ba mutum ya ci, in ya wayi gari lafiya, nama lafiya lau yake. Ya ƙara da cewa kada ta kuskura ta gasa ta sosai, don wuta tana ɓoye laifi. Juyi ɗaya a kan garwashi ya isa, a bar ta da jininta.

"Wa zai ci?" ta tambaya, ko da yake ta ga inda idonsa ya nufa.

"Ni ke tuƙa babur, ke ke figa. Baba na zaune ba ya aikin komai. Kuma hanta taushi gare ta, ba ta neman haƙori."

Celina ta ɗora hantar a kurfoti ta yi kamar ta manta da ita, don ta samu ta dahu. Jethro ya lura. Ya kai mata bayan wuƙa a kan 'yan yatsu har fata ta fashe, ya cire hantar da kansa ya ɗora a kwano, ya tasa ta gaba har ƙofar ɗakin tsohon.

Baba Shekari ya haura saba'in da biyar. Yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa, haƙoransa uku suka rage. Aikin idon ne ma ya kawo shi Kaduna daga ƙauye tun bara, aikin da kullum sai wata mai zuwa. Da ya ji ƙanshin nama sai fuskarsa ta washe. Ya lalubi kwanon da hannu biyu, ya yi addu'a da yarensu, ya sa wa ɗansa albarka, ya sa wa Celina, ya sa wa har talo-talon. Ya ce yau Jethro ya tuna yana da uba. Celina ta juya ta koma gindin baho, kunya da baƙin ciki suna cin ta, ta ci gaba da figa da yatsu masu jini.

Washegari tsohon ya fito ya zauna a rana yana rera waƙar coci. Jethro ya zagaya shi sau biyu yana dubawa, sannan ya yi dariya ya ce samfur ya wuce. Ya ɗaure nama a bayan babur ya nufi gari. Ran Laraba aka yanka wasu goma, aka sake kai wa Baba hanta, ya sake sa albarka.

Ran Alhamis da hantsi ciki ya murɗe masa. Kafin rana ta yi tsaka ya je ban-ɗaki sau shida, na bakwai bai kai ba. Zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar ɗari a ƙarƙashin bargo, amai na biyo baya. Celina ta wanke shi, ta wanke tabarma, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari yadda ake koyarwa a rediyo. Jethro ya leƙo daga bakin ƙofa yana toshe hanci. Ya ce kunun da ya kwana ne. Da ta ce kunun na safe ne, sai ya ce to ruwan rijiya ne. Da ta ce ruwan nan kowa ke sha, sai ya ce tsoho ne ya ga nama ya yi haɗama. Hanta dai ba ta cikin lissafi, tunda ai sau biyu yana ci yana wayar gari lafiya.

Ran Juma'a Malam Isiyaku ya dawo yanka. Ya kama na farko, ya ji shi shafal a hannu, ya ɗaga jelarsa ya ga kashi ya daskare a gashin. Ya sake shi ya kama na biyu, shi ma haka. Daga ɗakin ƙarshe nishin tsoho na fitowa. Jethro ya fita sayen dusa, don haka Celina ya tambaya, ita kuwa ba ta iya ɓoye masa ba. Malam Isiyaku ya mayar da wuƙarsa kube, ya yi salati a hankali. Ya taɓa aiki a mayanka tare da likitocin dabbobi, ya ga irin wannan hantar ba sau ɗaya ba.

"Madam, wannan cutar likitoci na ce mata salmonela. Ido ba ya ganinta. Tana kashinsu, tana hanjinsu, tana hantarsu. Wuƙa na ɗauka, hannu na ɗauka, ruwan bahon nan kuwa gidanta ne. Kuma ba ta nuna kanta a kwana ɗaya, wani sai kwana biyu ko uku. Matashi kan tashi. Tsoho irin wannan, in ba a yi masa ƙarin ruwa ba, ina ji masa tsoro."

Ya tsaya har Jethro ya dawo, ya maimaita masa a tsanake. Ya ce a ware marasa lafiya daga masu lafiya, waɗanda suka mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, a riƙa ƙona wuƙa da katako da tafasasshen ruwa, a sauya ruwan baho bayan kowane tsuntsu, nama kuma a dafa shi har ja ya ɓace. Dattijon nan a kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Shi kam ba zai ƙara sa wuƙarsa a kan tsuntsun gidan nan ba sai an kira malamin dabbobi.

Jethro ya saurare shi yana huci. Ya ce an kira shi yanka ne ba lacca ba, ya ɗauki keken Malam Isiyaku ya wurga waje, ya ce ai shi ma yana da wuƙa, kukun otal kuma ba ya nan balle ya ga hannun da ya yanka. Bayan ya rufe ƙofa ya juyo kan Celina ya kwaɗa mata mari biyu a kunne ɗaya, saboda ta fitar da maganar gida. Kunnen ya yi kwana uku yana ƙara.

Cikin duk shawarwarin nan guda ɗaya ta shiga kansa, wato a ware marasa lafiya. Ya duba gidan bai ga inda zai ware su ba. Ɗakinsu akwai gado, na tsakiya akwai buhunan abincin tsuntsaye. Ɗakin Baba kuwa tabarma ce kawai da akwatin ƙarfe. Ran Asabar ya kwaso talo-talo goma sha huɗu masu zawo ya zuba a ɗakin ubansa, ya tare tsakani da guntun katako mai tsayin gwiwa. Ya ce Baba ba ya gani, ba abin da zai dame shi, kuma ma za su ɗebe masa kewa. Kafin yamma sun tsallake katakon. Suna taka tabarmarsa, suna tsoma baki a kofin ruwansa, suna zawo a kan bargonsa. Wani toro da bai gama karyewa ba ya riƙa caccakar yatsun ƙafarsa duk lokacin da suka leƙo, tsohon yana janyewa yana tambayar wa ke nan.

Ran Lahadi bayan sujada Celina ta ja Mama Dorcas, shugabar zumuntar matan coci, gefe. Ba ta faɗi komai da komai ba, ta dai ce surukinta na mutuwa kuma maigida ya hana a kai shi asibiti. Mama Dorcas ta riƙe mata hannu ta ce namijin da aka kora daga aiki sai an bi shi a hankali, zuciyarsa a wuya take. Ta ce ta yi haƙuri ta yi addu'a, bayan Kirsimeti zumunta za ta zo ta duba shi. Celina ta yi godiya, don haka aka koya mata.

Da ta koma gida ta kori tsuntsayen zuwa lungu, ta durƙusa tana ba Baba ruwa da cokali. Idanunsa sun zurma, leɓunansa sun tsattsage, in ta ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye. Abin ya fi ƙarfinta, ta fashe da kuka ta gaya masa abin da hantar nan take, da kuma cewa ita ce ta gasa ta.

"Na sani, 'yata," ya ce. "Shekara arba'in ina farauta. Tun ta farko harshena ya gaya mini dabbar ba ta da lafiya."

"To me ya sa ka ci, Baba?"

"Ni na haife shi, na san shi. In na ƙi, ke zai ba."

Maganar nan ita ta hana Celina sukuni. Ran Litinin, da Jethro ya ɗaure nama ya tafi otal, ta yanke shawara. Akwai wani ɗan asibitin mishan a Kakuri, in ta kai bakin titi za ta samu bas. Ta sa wa Baba riga mai tsabta, ta durƙusa ta goya shi da zani. Nauyinsa bai kai na buhun dusa ba. Ta kai ƙofar gida, ta sa hannu za ta zare sakata, sai ga ƙarar babur. Jethro ne, ya manta takardar oda ya dawo ɗauka.

Bai tambaye ta ina za ta ba. Ya tura ƙofar da tayar babur har ta buge ta, ya fizge zanin, tsohon ya zame ya faɗi a kan siminti, kansa ya bugu da bakin lambatu. Jethro ya tsallake shi ya shiga ɗaki ya fito da guntun bel ɗin inji da ya zo da shi daga masaƙa, baƙi, mai kauri, da ƙarfe a bakinsa. Dukan farko ya same ta a kafaɗa, na biyu a fuska, girarta ta tsage jini ya rufe mata ido. Ta faɗi ta dunƙule, ya bi ta da bel yana faɗin abin da zai faru in ta kai shi. Za su tambayi abin da ya ci, za su turo duba-gari, za su zuba wa tsuntsayensa kananzir. Shekara biyu yana wahala, so take ya koma yawon neman aiki a bakin get kamar sauran? Kowace tambaya da nata dukan. Baba Shekari yana kwance yana lalubar ƙasa da hannu, yana kiran sunan ɗansa da muryar da ba ta fita. Ƙofar akurki ta buɗe a cikin hargitsin, toron da ya fi kowanne girma ya fito ya baza jela, ya haye ƙirjin tsohon ya sare shi a kunci.

Ishaya, maƙwabcinsu, ya ɗora haɓa a kan katanga ya ce, "Oga Jethro, a yi haƙuri mana."

Jethro ya tsaya yana haki. Nan take muryarsa ta sauya ta zama ta mutumin kirki. Ya ce matar nan so take ta tona masa asiri, ta ɗauki ubansa tsirara-tsirara ta zaga gari da shi a ce ba ya kula da shi, alhali ga magani nan ya sayo. Ishaya ya ce mata kenan, sai haƙuri. Ya sauke haɓarsa ya koma gyaran rediyonsa. Sauran maƙwabta ma sun ji, langa-langa ba ya ɓoye kuka, amma kowa ya ce tsakanin miji da mata ne. Tun daga ranar Jethro ya riƙa sa kwaɗo ta waje in zai fita. Maganin da ya ce ya sayo kuwa shi ne ragowar kafson talo-talo, yana fasa wa ubansa ɗaya a ruwa safe da yamma.

Ran Laraba ya yanka wasu goma da hannunsa. Ya sauya wa tsuntsayen kafso, kuma ya tabbatar wa kansa sun warke, saura samfur ya tabbatar. Celina ta ce ba za ta gasa ba ko zai kashe ta. Ya gasa da kansa, juyi ɗaya, ya shiga ɗakin tsohon yana ture tsuntsaye da ƙafa. Ta bi shi ɗakin, idonta ɗaya a kumbure.

Baba Shekari ba ƙi ya yi ba. Ƙarfin buɗe baki ne babu. Jethro ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya ce taurin kan nan ne ya sa aka bar shi a ƙauye shi kaɗai. Daga nan ya durƙusa ya danne masa goshi da hannun hagu, ya cusa ƙotar cokali tsakanin muƙamuƙansa ya murɗa. Ɗaya daga cikin haƙoran nan uku ya ɓalle, jini ya gangaro ta gefen baki. Ya tura hantar da babban yatsa, ya rufe bakin da tafin hannu. Celina ta yi kansa ta kafa masa haƙori a damtse, iya ƙarfinta, har ta ji gishirin jini. Ya yi ƙara ya kama ta ta wuya ya fita da ita, ya haɗa bayanta da duron ruwa, duron ya kife ruwa ya malale tsakar gida. Ta daɗe a kwance numfashi na ƙin shiga. Daga ɗaki ta ji tsohon yana kakari, ya dawo da abin da aka cusa masa. Jethro ya fito yana duba damtsensa, ya ce ta ɓata masa samfur, amma ba komai, zai kai naman a haka.

Naman bai karɓu ba. Ran Alhamis kukun otal ya tare shi tun daga get ya ce masu wanke-wanke uku da suka soya wuya da ƙundun kayansa suna kwance, kada ya ƙara ganin babur ɗinsa a wajen. Jethro ya dawo da kaya a ɗaure, ya zauna a bakin akurki. Ko ɗakin ubansa bai leƙa ba.

Ran Juma'a da safe Celina ta dafa bango ta kai wa Baba ruwan ɗumi. Ta tarar da talo-talo biyu sun hau kansa sun kwanta. Ta kore su, ta kira shi sau uku, ta taɓa wuyansa. Ya riga ya yi sanyi. Kwana goma sha ɗaya ke nan da hantar farko.

Kowa a layin ya ji kukan Jethro. Ya yi birgima a tsakar gida, sai da maza uku suka riƙe shi. Kafin mutane su taru ya kwashe tsuntsayen daga ɗakin, ya sa ta wanke daɓen da sabulu da ruwan zafi, tsabtar da ɗakin bai taɓa gani ba sa'ad da mai shi ke numfashi. Raunin kunci ya ce faɗuwa ce, raunin fuskar matarsa ya ce ƙofar akurki ce. Aka sa ran Asabar da rana a yi addu'a a gidan kafin a ɗauki gawa zuwa ƙauye. Da aka zo maganar abincin baƙi, Jethro ya share hawaye ya ce ubansa ba zai tafi da shinkafa gaya ba. A yanka duk talo-talon da suka rage.

Nan fa aka ga mutanen kirki. Waɗanda suka kwana takwas suna jin nishin tsoho ta katanga ba su ɗaga ƙafa ba, su ne suka fara kawo benci. Ishaya ya kafa rumfa. Mama Dorcas ta iso da matan zumunta da manyan tukwane, ziyarar da ta ce sai bayan Kirsimeti ta zo da wuri. Ta dubi fuskar Celina ta kawar da kai, ta tambayi inda gishiri yake. Celina ba ta ce da ita komai ba sai abu ɗaya, cewa kowace mace ta wanke hannu da sabulu, a ƙona wuƙaƙe da tafasasshen ruwa, nama kuma ya dahu har ya saki ƙashi. Ta tsaya a kan tukwanen da kanta, tana ƙara itace, matan na gunagunin za ta mayar da nama fate. Ba ta so wani ya koma gida da abin da ya kashe Baba. Hanta ɗaya kawai ta ware ta rufe da kwano.

Bayan wa'azi aka raba abinci, tsakar gida ta cika da ƙarar cokula. Fasto ya ba ɗan mamaci dama ya yi magana. Jethro ya miƙe cikin farar riga. Ya ce shi talaka ne, an kore shi daga aiki, amma abu ɗaya yake gode wa Allah a kai, ubansa bai rasa nama a gidansa ba. Duk ranar da aka yi yanka, Baba ne ke fara cin hanta, kafin shi, kafin matarsa, kafin kowane kwastoma. Mutane suka girgiza kai suna cewa amin. Wata tsohuwa ta ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa. Baba Tagwai, ƙanin marigayin da ya iso daga ƙauye da safen nan, ya jawo shi ya zaunar kusa da shi yana bubbuga masa baya.

Celina ta tashi daga cikin mata. Ta je kurfoti ta ɗora hantar nan, ta juya ta sau ɗaya, ta sauke. Ta ratsa tsakanin bencina tana ɗingishi, ta durƙusa a gaban mijinta yadda matar kirki ke yi, ta ajiye kwanon a kan tebur ta buɗe. Hantar ta kumbura, ga fararen ɗigon nan a jikinta, jini na taruwa a gindin kwanon. Ba ta ɗaga murya ba, amma na bayan rumfa ma sun ji.

"Baban Judith, ga samfur. Na gasa ta yadda ka koya mini, juyi ɗaya, da jininta. Yau Baba ba ya nan. Kai za ka fara ci, mu jira mu ga ko za ka wayi gari."

Cokula suka tsaya. Jethro ya yi wata 'yar dariya ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, a shigar da ita ɗaki. Ba wanda ya motsa. Baba Tagwai ya sunkuya ya dubi hantar sosai, shi ma tsohon maharbi ne. Ya ɗago ya dubi fuskar Celina, girar da ta tsage da idon da ya kumbura, sannan ya juya ya dubi ƙofar ɗakin da yayansa ke kwance a cikin akwati. Ya sauke hannunsa daga bayan Jethro. Da yatsa ɗaya ya tura kwanon har ya taɓa farar rigar.

"Ci mana, ɗana," ya ce. "Ai ka ce abincin ubanka ne."

Jethro ya dubi kwanon. Gumi ya keto masa daga goshi ya sauka a haɓa. Hannuwansa biyu suna kan gwiwoyinsa, kuma a nan suka tsaya. Ishaya ne ya fara ajiye kwanonsa a ƙasa, Mama Dorcas ta bi, sai layin gaba, sai na baya. Baba Tagwai ya ce shi ba sauri yake ba, motar gawa ma tana iya jira. Mutum sama da ɗari suka zuba wa Jethro ido, ba mai tari ba mai motsi, kuma bai ci ba.